Bagudo: Ƙaramar manhajar da ke hana tsofaffin kwamfutoci buga takarda

Duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawar JAMB, shagunan buga takardu a garuruwan kan iyaka irin su Bagudo da Illo da Ka'oje da Tsamiya kan cika da ɗalibai. Wani na son a buga masa takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda hukumar jarrabawar ta wajabta tun 2021. Wani hoton fasfo yake so. Wani kuma takardar da ke nuna ranar jarrabawa da cibiyar da aka tura shi.

A irin wannan rana ce mai shago kan gane darajar wani abu da ba ya gani da ido. Ya sayo sabuwar firinta, ya zuba tawada, ya jona ta da tsohuwar kwamfutarsa, fitila ta kama, amma da ya danna umarnin bugawa sai shiru. Firinta lafiyarta ƙalau, kwamfuta ma haka. Abin da ya rage shi ne 'yar manhajar da ke haɗa su, wadda masu gyara ke kira direba.

Ga mutumin birni, wannan matsala ce ta rabin awa. Ga mai shago a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin, tana iya zama tafiya zuwa Birnin Kebbi da kwamfuta a cinya, da kuɗin mota, da cinikin kwana biyu da ya wuce. Wasu ma kan yanke hukuncin cewa kwamfutar ta mutu, su sayar da ita a kilo, alhali da sauran shekaru a jikinta.

Me direba ke yi?

Mutanen kan iyaka sun san aikin tafinta. A kasuwannin yankin ana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da harshen Dandawa, kuma da an tsallaka zuwa Segbana a ɓangaren Benin takardun hukuma sun koma Faransanci. Ciniki ba ya faɗawa sai an samu wanda ke jin harsunan biyu.

Aikin direba ke nan. Kwamfuta na ganin shafi a matsayin haruffa da hotuna. Firinta mai feshin tawada kuwa abin da ta sani shi ne ɗigo: a wane wuri za ta fesa, wane launi, sau nawa, sannan ta ja takarda gaba da ɗan kaɗan. Direba ne ke mayar da shafi zuwa miliyoyin ɗigo, ya tsara su cikin harshen da injin ke ji.

Harsunan kuma sun bambanta. Kamfanin Adobe ya fito da PostScript a 1984, HP na da PCL, Epson na da ESC/P da ƙaninsa ESC/P-R. Manyan injinan ofis kan zo da ƙwaƙwalwar da ke fassara shafi da kanta. Ƙananan firintocin tawada masu araha kuwa sun bar wa kwamfuta kusan dukkan aikin. Shi ya sa idan babu direba, ba su da bambanci da akwatin roba.

Dalilin da firintar tawada ta karɓu a ƙauyuka

Amsar tana wajen wuta. Firinta mai amfani da garin tona sai ta gasa garin a kan takarda, kuma hakan na cin ɗaruruwan wat, musamman a lokacin da take ɗaukar zafi. Ƙaramar firintar tawada kuwa yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 20 a lokacin aiki, abin da ƙaramin faifan sola da batir ɗaya za su ɗauka.

A yankin iyaka wannan lissafi na da nauyi. Bayan rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a watan Agustan 2019, hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamba na wannan shekara. Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa tayar da janareta saboda shafi biyu ya zama asara.

Akwai kuma batun tawada. Tun da Epson ya fara sayar da firintoci masu tankin tawada a Indonesiya a 2010, sauran kamfanoni suka bi sahu, kuɗin buga shafi ɗaya ya sauko sosai. Mai shago zai iya cika tanki da kwalba maimakon sayen ƙaramin katirij mai tsada. Ke nan firintar da ke kan teburin sabuwa ce, amma kwamfutar da ke gefenta sau da yawa ta haura shekara goma.

Kayan Kwatano da rigimarsu

Ba banza ba Bahaushe ke kiran kayan da aka yi amfani da su a Turai da suna 'yan Kwatano. Tashar jiragen ruwan Kwatano ta daɗe tana zama ƙofar motoci da kayan lantarki na hannu zuwa Najeriya da Nijar.

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki da aka yi amfani da su ne ke shigowa Najeriya ta tashoshin Legas a shekara, a tsakanin 2015 da 2016, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki. Ragowar, masu aikin, su ne ke ƙarewa a shaguna da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi.

Irin waɗannan kaya na zuwa da nasu halin. Kwamfutar da ta fito daga Faransa ko Beljiyam kan zo da allon rubutu da ya fara da AZERTY, kuma Windows ɗinta na magana da Faransanci. Firintar da aka ƙera don kasuwar Amurka na iya zama mai wutar 110, alhali ta Najeriya 230 ce, don haka a duba rubutun da ke bayanta kafin a jona. Direbanta ma kan ɗauka cewa takardar Amurka za a saka, mai tsawon milimita 279, ba A4 mai milimita 297 ba, sai ka ga shafi ya fito a karkace ko injin ya tsaya yana ƙorafi.

Wasu kamfanoni kuma sun raba duniya shiyya-shiyya, ta yadda katirij ɗin da aka sayo a wata shiyya ba zai yi aiki a injin wata ba. Kafin a ɗora wa direba laifi, ya kamata a kawar da waɗannan.

Lokacin da kamfani ya janye hannu

Babbar matsalar ita ce kalanda. Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 a ranar 10 ga Janairun 2023, sai Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma ba ta hawa kan yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017, saboda tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sabuwar ƙwaƙwalwa.

Da zarar an janye kulawa, masu ƙera firinta kan bi sahu sannu a hankali. Sabbin injina sai su fito ba tare da direban tsohuwar Windows ba, tsofaffin injina kuma a bar su ba direban sabuwa. A watan Satumban 2023 Microsoft ya sanar da cewa zai daina rarraba sabbin direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar sabunta Windows, mataki-mataki cikin 'yan shekaru.

Waɗannan shawarwari ana yanke su ne a Amurka da Japan, amma ƙurarsu na sauka a kan teburin mai shago a Lolo. Abin lura kuma shi ne, ƙarewar Windows 10 na nufin ofisoshin Turai za su sake fitar da tarin kwamfutoci masu lafiya, kuma wani kaso nasu Afirka ta Yamma zai nufa.

Yadda ake shawo kanta a tsohuwar Windows

Abu na farko shi ne sanin cikakken sunan firinta, harafi da lamba, kamar yadda yake a takardar da ke manne a bayanta. Lamba ɗaya kan raba direba da direba. Idan takardar ta goge, a jona injin a shiga Device Manager, wanda Windows ta Faransanci ke kira Gestionnaire de périphériques, a duba lambar na'urar. Wadda ta ƙunshi 04B8 ta Epson ce, 03F0 ta HP, 04A9 kuma ta Canon.

Na biyu, a san ko Windows ɗin mai bit 32 ce ko mai bit 64. Direban ɗaya ba ya shiga ɗaya, kuma wannan kuskure ne da ke yawan cinye datar mutane a banza.

Na uku, a sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. Tunda manhajar Chrome ta tsaya a zubi na 109 a kan Windows 7, wasu shafuka ba sa buɗewa daidai a tsohuwar kwamfuta. Mafita ita ce a sauko da shi a waya, a tura ta kebul ko filash. A kan nemi direba zalla, domin cikakken kunshin da ke ɗauke da ƙarin manhajoji ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne tarkon da ya fi kama masu Windows 7. Tun 2019 aka koma sa wa manhajoji hatimi da sabon tsari mai suna SHA-2, kuma Windows 7 da ba a sabunta ba ba ta gane shi. Sai ta ƙi direban tana cewa ba ta san wanda ya sa masa hannu ba. Maganin shi ne a tabbatar tana da Service Pack 1, sannan a saka gyare-gyare biyu na Microsoft masu lamba KB4490628 da KB4474419, a sake kunnawa.

Na biyar, kada a jona kebul sai manhajar ta nema. Idan an riga an jona kuma Windows ta yi wa injin rajistar da ba daidai ba, a cire shi daga jerin na'urori a sake. Idan manhajar sakawa ta ƙi tashi gaba ɗaya, a warware kunshin, a ƙara firinta da hannu, a danna Have Disk, ko Disque fourni a Faransanci, a nuna mata fayil ɗin da sunansa ya ƙare da inf.

Hanya ta biyu: Linux

Idan kamfanin bai taɓa yin direban tsohuwar Windows ɗin ba, akwai wata ƙofa. Abin mamaki, rigimar firinta ce ta taimaka wajen buɗe ta. Wajen 1980, a cibiyar MIT ta Amurka, Richard Stallman ya so ya gyara manhajar wata firintar Xerox don ta riƙa sanar da mutane idan takarda ta maƙale, aka hana shi ganin ɗanyen rubutun manhajar. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, wanda ya zama ginshiƙin manhajojin da kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa.

Daga wannan zuri'a Linux ta samu kayan bugawa. Michael Sweet ya fitar da CUPS a 1999, Apple ya saye shi a 2007, yanzu kuma ƙungiyar OpenPrinting ce ke kula da wanda ake amfani da shi a Linux. Gutenprint na ɗauke da direbobin ɗaruruwan firintocin tawada, musamman na Epson da Canon, ciki har da waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da mantawa. HP na da nasa kunshin mai suna HPLIP.

A tsarin Debian da 'ya'yansa irin su Ubuntu da Linux Mint, sau da yawa ba a buƙatar gina komai. Kunshin printer-driver-escpr da printer-driver-gutenprint da hplip suna cikin rumbunsu, umarni ɗaya ke sauko da su. Daga nan a buɗe manhajar shiga intanet a rubuta localhost:631, a ƙara firinta, a buga shafin gwaji. Wannan adireshin cikin kwamfutar yake, ba ya cin data.

Mai kwamfuta mai bit 32 ya lura cewa Ubuntu ya daɗe da daina fitar da irin nata, kuma Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ya bi sahu. Debian 12 na 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta yadda aka saba.

Gina direba da hannu

Wani lokaci firintar ta fi rumbun sabunta, ko kuma kunshin da kamfani ya shirya bai dace da kwamfutar ba. Nan ne ake gini. Misalinsa kamar rigar kanti ce da yadi. Shiryayyen direba rigar kanti ce da aka ɗinka a kan awon wani, ɗanyen rubutu kuma yadi ne da za a yanka daidai jikin kwamfutarka.

Ana farawa da kayan ɗinki. A Debian su ne build-essential, wanda ke ɗauke da manhajar harhaɗawa, da libcups2-dev da libcupsimage2-dev, waɗanda ke gaya mata yadda za ta yi magana da CUPS. Sai a sauko da ɗanyen rubutun direban, a warware shi, a shiga jakar, a karanta fayil ɗin README kafin a taɓa komai.

Umarni uku ne ke biyo baya. Na farko ./configure --prefix=/usr, wanda ke auna kwamfutar ya ga abin da take da shi. Na biyu make, wanda ke yin ginin, kuma a tsohuwar kwamfuta yakan ɗauki lokaci, don haka a tabbatar batir na da caji. Na uku sudo make install, wanda ke ajiye kowane fayil a mazauninsa. Sai a sake tayar da CUPS, a zaɓi sunan firintar a jeri.

Idan aiki ya tsaya, kada a firgita da yawan rubutun da ke gudu a allo. Layukan ƙarshe su ne ke faɗin abin da ya ɓace, kuma yawanci wani kunshi ne da sunansa ya ƙare da dev. Wani cikas kuma shi ne, sabbin manhajojin harhaɗawa irin su GCC 14 na 2024 sun fi tsanani, suna ƙin tsohon rubutun da magabatansu ke wucewa da gargaɗi kawai. A irin wannan hali, sabon zubin direban ko gyaran da masu kula da Debian suka riga suka yi ya fi sauƙi.

Sai dai ba kowace firinta ce ke da mafita ba. Shafin OpenPrinting na da jerin injina da matsayinsu, kuma mafi ƙasƙancin matsayi sunansa na nufin dutsen danne takarda. Minti biyu na duba wannan jeri a waya kafin a biya kuɗi ya fi sati guda na kokawa bayan an saya.

Hattara da direban bogi

Wanda ya rubuta sunan firinta da kalmar direba a shafin bincike zai ga shafuka da dama masu manyan maɓallan saukarwa. Da yawansu tallace-tallace ne, wasu kuma na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Haka ma manhajojin da ake yawo da su a filash don sake saita lissafin soson tawada idan injin ya tsaya.

Haɗarin ya fi girma a shagon buga takardu, domin kwamfutar na cike da lambobin NIN da hotunan fasfo da takardun banki na jama'a. Direba kuma na zama ne a can cikin tsarin kwamfuta, inda yake da iko mai yawa. A 2021 an gano wata ɓaraka a sashen bugawa na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ke bai wa ɗan kutse damar mallakar kwamfuta baki ɗaya. Tsohuwar Windows da ba ta samun gyara ta fi aminci idan ba a haɗa ta da intanet ba, a bar wa waya aikin saukarwa.

Wani abin da ake ɗora wa direba bisa kuskure shi ne layi-layi a shafi. Wannan yawanci busasshiyar tawada ce a bakin feshi, kuma ƙurar hunturu da zafin bazara na ƙara ta. A riƙa rufe injin da ƙyalle, a buga ko da shafi ɗaya mai launi duk bayan 'yan kwanaki. Idan kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar akwati, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su, a sauya wani.

Ina aka dosa?

Masana'antar na tafiya ne zuwa bugawa ba tare da direba ba. Apple ya kawo AirPrint a 2010, an samu tsarin IPP Everywhere da Mopria bayansa, kuma tun Android 8 ta 2017 wayoyi ke zuwa da hanyar bugawa a cikinsu. Firintar da ke jin wannan harshe na bai-ɗaya za ta karɓi aiki daga waya ko Linux ko sabuwar Windows ba tare da tafinta ba. Mai shirin sayen sabuwa ya duba kwalin ko akwai alamar AirPrint ko Mopria, ko da kuɗinta ya ɗan ɗara.

Amma dubban injinan da ke aiki yanzu a ƙauyukan Kebbi ba su san wannan harshe ba, kuma ba gobe za a sauya su ba. Abin da ke hannun mai shago shi ne tanadi. Ranar da direba ya yi aiki, a kwafe shi a filash biyu, a rubuta sunan firinta da irin Windows ɗin a jiki, a ajiye ɗaya a gida. Shafin kamfani na iya sauke fayil ɗin ba sanarwa, kuma ranar da kwamfuta za ta buƙaci a sake mata Windows ba ta aiko da goron gayyata.

Ga matasan yankin kuma, akwai sana'a a nan. Wanda ya iya karanta lambar na'ura, ya san bambancin bit 32 da 64, ya iya gina direba a Linux, kuma yana ɗan jin Faransanci, zai samu masu nemansa daga Bagudo har Segbana, musamman a makonnin rajistar jarrabawa.